Takwara da Baƙin Labule

Ni na ɗinka labulen ɗakin taron unguwarmu, ni kuma nake ɗinka wa Takwara kaya tun tana rarrafe, don shagona a jikin katangar gidansu yake. Saboda haka abin da zan faɗa ba a bakin wani na tsinta ba.

Labulen baƙi ne, mai kauri, ninki biyu. Shugaba, mahaifin Takwara, shi ne ya kawo yadin da kansa, ya ce yana son wanda haske ba zai ratsa ba ko kaɗan, tunda da rana za a riƙa nuna fim. A lokacin unguwa ta ɗan yi tsami. Mutane sun ƙauro daga wurare daban-daban, wasu farare tas, wasu baƙaƙe wuluk, yara suna jifan juna da sunaye a makaranta, manya suna yi a kasuwa. Sai Limami da Fasto suka zauna suka ce a kafa ƙungiya. Duk Asabar da yamma a taru, masallaci da coci, a kalli fim a kan wariyar launin fata, a tattauna.

Ba su sha wahalar neman shugaba ba. Mutumin ya yi karatu a ƙasar waje, ya iya haɗa majigi, ya iya magana. Yana da wani labari da ba ya gajiya da bayarwa, na yadda wani mai kanti a can ya goge hannunsa da hankici bayan sun gaisa. In yana faɗa, muryarsa har rawa take yi. A can baƙin mutum ne shi. A unguwarmu kuwa cikin farare ake lissafa shi da danginsa, kuma sun san da haka sarai.

Dokoki biyu ya kafa wa taron. Ta farko, da fim ya ƙare shi zai tashi ya yaye labule da hannunsa, ya ce, "Mun zauna cikin duhu, yanzu a bar haske ya shigo." Ta biyu, za a riƙa miƙa abin magana daga hannu zuwa hannu, kuma duk wanda ya riƙe shi ba a katse shi, ko wane ne.

Takwara ita ce autarsa, mace tilo. Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, shi ya sa ba a kama sunan, sai dai a ce Takwara, har ya bi ta. Yayyenta maza ubansu suka biyo. Ita kuwa uwarta ta kwaso kaf, baƙa mai sheƙi, ga ido, ga surutu. Da ta dawo makaranta sai ta faɗo shagona tana tsintar ƙyallaye don 'yar tsanarta, tana ba ni labarin wanda aka zane a aji da wanda ya yi barci har da minshari.

"Baba Tela, kai fa ba ka iya ɗinki ba," in ji ta. "Dubi aljihun nan, ya karkace."

"Ke ce a karkace. Tsaya daidai ki gani."

Ranar da na fara lura, kakarta ce ta kawo ta awo da kanta, abin da ba ta taɓa yi ba. Hajiya tsohuwa ce fara sol, mai tsafta, mai ƙamshi, ba ta ɗaga murya. Ta ajiye yadi a kan tebur, ta ce a yi hannu dogo har wuyan hannu, wuyan rigar kuma a rufe shi.

Na ce, "Hajiya, a wannan zafin?"

"Rana ce ke ɓata min ita. Kai dai yi abin da aka sa ka."

Da na sunkuya zan auna kafaɗa, sai wani wari ya bugi hancina, kamar an zuba turare a ruwan wanke banɗaki. Na san warin. Duk telan da ya daɗe yana auna mata ya san shi. Amma a jikin manyan mata na saba jin sa, waɗanda suka zaɓar wa kansu. Ban taɓa jin sa a jikin yarinyar da ba ta gama famfara ba.

"Hajiya, wane irin mai ake shafa mata?"

Ta yi murmushi. "Na gyaran jiki ne. Mai sunana ce fa, Tela. Duk inda na shiga da ita sai an ce, Hajiya, wannan ma taki ce? Kamar tsinto ta muka yi. Gata nake mata tun da wuri, fatar yaro ta fi karɓa."

Takwara ta miƙo min hannu tana juya shi. "Kaka ta ce in na yi fari za ta riƙa tafiya biki da ni. Ka ga na fara?"

Na duba. Ta fara kam.

Katanga ɗaya ce tsakanin kekena da tsakar gidansu. Da safe bayan wanka ake shafawa, da yamma a ƙara. Da farko dariya nake ji, tana cewa da sanyi. Can sai ta koma, "Kaka, yana cizo." Daga nan sai kuka, da muryar Hajiya a kwance tana cewa, "Riƙe min ita." Nakan taka keke da ƙarfi, amma ƙarar keke ba ta kai kukan yaro ba.

Duk wannan lokacin Asabar ba ta wucewa sai mun cika ɗakin taro. Mun kalli wanda aka hana shiga gidan abinci da kuɗinsa a hannu. Mun kalli ma'aikacin da ya koya wa kowa aiki amma kowa ya wuce shi a muƙami. Mata suna share hawaye da bakin mayafi. Sai Shugaba ya yaye labule, haske ya shigo, a miƙa abin magana. Mahauci ya tashi ya ce shi ya daina ce wa maƙwabcinsa gawayi, aka yi tafi. Gaskiya abin ya yi amfani, ba zan ɓoye ba. Mutanen da ba sa gaisawa a da sun koma zama a benci ɗaya.

Wata rana uwar Takwara ta zo karɓar ɗinki. Mace ce mai sanyin hali, ba ta haɗa ido da mutum. Na bari ta gama ninke kayan, na ce, "'Yata, kina ganin abin da nake gani?"

Ta waiga ƙofa, ta rage murya.

"Baba, in na buɗe baki sai a ce ai ni na jawo. Shekaranjiya Hajiya ta ce da na haifo ta yadda ya kamata da ba ta wahala ba." Ta ƙanƙame kayan a ƙirji. "Da na shigo gidan nan ni aka fara miƙa wa kwalbar man nan, na ƙi karɓa. Ba a manta ba."

"Ubanta fa?"

"Ya ce kada in haɗa shi da mahaifiyarsa."

Man bilicin ba ya tafiya daidai a jiki. Goshin Takwara da kumatunta suka yi wani fari mai ja-ja, gaɓoɓin yatsunta da gwiwar hannu suka ƙara baƙi, bayan kunne ya tsaya yadda Allah ya yi shi. Yara a makaranta suka sa mata damisa. Wannan ma da sauƙi. Abin da ya fi shi ne rana. Daga gida zuwa makaranta sai ta iso fuskarta ta yi jajir kamar an watsa mata ruwan zafi. Malamarsu ta aiko a zo a yi magana. Ba wanda ya je. Aka ce yarinya ba ta da lafiya, za ta huta a gida.

Daga nan ni ta hanyar ɗinki nake gane inda aka kwana. Aka aiko a yi hijabi har ƙasa. Aka aiko a yi safar hannu. Aka aiko a yi ɗan ƙyallen rufe fuska, ido kaɗai a waje. Yarinyar da take cika min shago da surutu ta daina fitowa, sai ƙyallayen da nake tara mata a kwali suka yi ta taruwa.

Shugaba ya shigo shagona da kansa wata safiya, zoben labule ya tsinke yana so a gyara. Na ba shi kujera. Da na ga ya sake, na ce, "Ranka ya daɗe, zan yi maka shisshigi. Takwara."

Fuskarsa ta sauya. "Me ta yi?"

"Ba ta yi komai ba. Ana dai yi mata."

Ya cire tabarau ya goge. "Baba Tela, wannan harkar mata ce. Ni ban san man da suke shafawa ba, ina fita tun safe."

"Yanzu ai ka sani."

"Mahaifiyata ce. In je in ce mata me? Tsohuwa ce, tana da hawan jini."

"Ita kuma yarinya ce, tana da fata."

Ya ɗan yi tsaki, ya sassauta murya kamar yadda yake yi in yana rufe taro. "Ka ga, kada ka haɗa abu biyu. Abin da muke yaƙa a ɗakin taro ƙiyayya ce. Wannan kuwa ƙauna ce, ko da an yi kuskure a hanya. Ni na ɗanɗani abin da duniya ke yi wa baƙar fata, kai ba ka fita ba, ba ka sani ba. In akwai abin da zai rage wa 'yata wannan wahalar gobe, kana ganin laifi ne?"

Na ce, "Na fita, ranka ya daɗe. Na yi ɗinki a garuruwan da ko yarensu ba na ji. Ban ga inda aka rage wa yaro wahala ta hanyar ƙona shi ba."

Ya miƙe ya ɗauki labulensa. "Zan duba," ya ce. Da yammar ranar na ji kukan kamar kullum.

Na tari Limami da maganar. Ya girgiza kai, ya yi salati, ya ce zai yi masa nasiha a hankali, sai an samu lokacin da ya dace, kada a taɓa ƙungiya tun tana jaririya. Na tari Fasto. Ya ce abin ya taɓa zuciyarsa, amma in shi ya sa baki a gidan Musulmi za a ce wani abu ne daban, zaman lafiyar da aka ƙulla da ƙyar ya warware. Dukansu mutanen kirki ne. Kowannensu ya nuna min ɗan'uwansa.

Wuri ɗaya ya rage da ake fitowa da Takwara, shi ne ɗakin taro. Ba zai yiwu a ce iyalin Shugaba ba sa zuwa ba. Sai an kashe fitila an ja labule Hajiya take shigowa da ita, su zauna a bencin baya kusa da ƙofa, inda nake zama. Da an fara rubutun ƙarshen fim, kafin a yaye labule, sai ta ja hannunta su fice.

A duhun nan na sake jin muryar Takwara. Ta raɓo kusa da ni tana raɗa.

"Baba Tela, ka tara min ƙyallayena?"

"Kwali ya cika, har yana zuba."

"Kada ka ba wa kowa."

Na ji motsi, ashe safar hannu take cirewa, ta ɗage ƙyallen fuskar, tana hura wa hannunta iska.

"Nan ya fi ko'ina daɗi," in ji ta. "Ba mai ganina, kuma ba ya min zafi. Da ma kullum Asabar ce."

A bangon gabanmu wata mata tana kuka don an ƙi yi wa ɗanta magani saboda kalarsa. Jama'a suna ta Allah wadai.

Abin ya ci gaba da lalacewa. Da mai ya daina aiki, sai Hajiya ta koma wurin mai kayan kwalliyar da ke haɗa mata, aka ƙara masa ƙarfi. Fuskar yarinya ta kumbura ta zama zagaye, ƙafafunta ma suka ɗaga. Fatar ta yi siriri har kana hango koren jijiya a ƙasanta. Ranar da aka kawo ta in buɗe mata riga don ta matse ta, bakin abin awona kawai ya goge ta a damtse, sai ga fata ta tsage, jini ya tsatso. Ba ta ma yi kuka ba. Ta kalli wurin kamar hannun wani ne.

Na ce, "Hajiya, ki ji tsoron Allah. Asibiti yarinyar nan take buƙata."

"Asibiti su tona mana asiri?" Ta ciro auduga daga jaka ta danna a wurin, da alama ta saba. "Tsohuwar fata ce ke fita. Haka yake yi, sai ya yi muni kafin ya yi kyau. Kai namiji ne, me ka sani? Wata rana ita da bakinta za ta gode min. Ko ba haka ba, takwarata?"

"Haka ne, Kaka," in ji yarinyar, idonta a ƙasa.

Sai ga Asabar ɗin da aka yi manyan baƙi. Labarin ƙungiyarmu ya bazu, wasu unguwanni suka turo wakilai su ga yadda muke yi su ma su kwaikwaya. Ɗaki ya cika maƙil. Aka ce mahaifiyar Shugaba ba za ta zauna a baya ba ranar irin wannan, aka ja ta gaba aka ba ta kujera mai hannu tsakanin matar Limami da matar Fasto. Yara duka aka kwashe su aka zaunar a tabarma ta gefen taga, don a samu benci. Takwara na cikinsu. Uwarta tana can baya wurin mata, tana raba ruwan sha.

Fim ɗin ranar na wani magidanci ne da ke yawon neman hayar gida da iyalinsa. Duk inda ya buga waya sai a ce akwai ɗaki, in ya iso aka ga fuskarsa sai a ce an kama. Ana tsakiyar kallo, mutumin yana tsaye a ƙofar wani gida da kayansa a ka, sai wuta ta ɗauke. Bango ya yi duhu, fanka ta tsaya, ɗaki ya ɗauki hayaniya. Aka ce a tayar da janareta, aka ce babu mai a ciki.

Shugaba bai rikice ba. Ya ce, "Ba komai, jama'a, abin da muka gani ya isa mu tattauna." Na ji takunsa yana nufar taga. Na ji kujerar Hajiya ta motsa, ta ce, "Dakata," amma hayaniya ta shanye muryarta.

"Mun zauna cikin duhu," in ji shi, "yanzu a bar haske ya shigo."

Ya yaye labulen.

Ranar yamma ce, ta faɗo kai tsaye a kan tabarmar yara. Takwara ta ƙwalla ƙara. Safar hannunta na kan cinya, ƙyallen fuskar na bisa kai, ta naɗe hannun riga har gwiwar hannu don ta sha iska. Ta sa hannu ta rufe fuska, hannun ma ba abin da ya ɓoye, don shi ma haka yake: ja, fari, baƙi, ga gyambo, ga auduga a manne. Yaran da ke kusa da ita suka watse suka bar ta ita kaɗai a tsakiyar hasken.

Babu macen da ke ɗakin nan da ba ta gane abin da ta gani ba. Maza ma da yawa sun gane.

Shugaba ya juyo. Ya ce, "Ƙurajen zafi ne ke damunta, muna kan magani. Ke, rufe jikinki." Ya ja labulen ya rufe rabin da ke kanta, ya ɗauki abin magana mai batir ya miƙa wa baƙon farko. "Bismillah, me za ka ce a kan fim?"

Wallahi mutumin ya karɓa. Ya ce masu gidajen nan ba su da imani. Ya miƙa wa na kusa da shi, shi ma ya ce abin takaici ne a ce har yau ana irin wannan a duniya. Na uku ya kawo aya, na huɗu ya kawo tasa ayar. Kowa yana magana idonsa a kan farin bangon da babu komai a jikinsa. A gefe kuma kana jin shessheƙar yarinya tana kokawa da safar hannu, ta ƙi shiga saboda kumburi.

Abin magana ya zagayo layin mata. Wata ta karɓa ta rasa abin faɗa, ta miƙa baya ba tare da ta duba wa take ba wa ba. Uwar Takwara ta ajiye tiren ruwa a ƙasa ta karɓa.

Ban taɓa jin muryarta da ƙarfi ba sai ranar.

"Ni ban san ƙasar da aka yi fim ɗin nan ba," ta ce. "Waccan 'yata ce. Kun san ta, ta ƙofar gidajenku take wucewa zuwa makaranta da, tana gaishe ku. Ba ƙurajen zafi ba ne. Man bilicin ake shafa mata safe da yamma don ta daina kama da ni."

"Ke!" in ji Shugaba. "Ajiye abin nan!"

Limami bai ɗago kai ba, amma ya ɗaga hannu. "Yana hannunta, Shugaba. Kai ka kafa dokar."

"Kakarta ke shafawa," ta ci gaba. "Ubanta ya sani. Ni nake riƙe mata hannuwa, don in ban riƙe ba za a ɗaure ta." Muryarta ta karye, ta tsaya, ta sake kamawa. "Fitsarinta ya sauya kala tun makon jiya. Ni ba tattaunawa nake so ba. Mota nake nema zuwa asibiti. Wa ke da mota?"

Masu mota suna nan a layin gaba, makullai a aljihu, suna kallon Shugaba. Can daga baya wani direban tasi ya miƙe, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙauro, wanda ko yaren unguwar bai gama iyawa ba. Ya ɗaga makulli sama kawai.

Uwar ta ratsa mutane ta sunkuci 'yarta. A bakin ƙofa ta tsaya, don rana na nan a waje tana jira. Matar Fasto ta tashi ta fizgi labulen taga da ƙarfi, zobba suka zube a ƙasa, ta lulluɓe yarinyar da shi tun daga kai har ƙafa. Haka aka fita da Takwara, a naɗe cikin baƙin labulen da na ɗinka.

Hajiya ba ta motsa daga kujerarta ba. Ta gyara mayafi ta ce, a hankali amma kowa ya ji, "Jinin uwar ne ya nuna kansa."

Takwara ta daɗe a asibiti. Likita ya ce abin ya wuce fata, ya taɓa ƙoda, sai an yi ta zuwa ana dubawa. Tabon kumatu kuwa ya ce kada a sa rai zai tafi duka. Da aka sallame su ba su dawo gidan ba, gidan yayan uwar suka wuce.

Ƙungiya ta zauna ta ce matsala ce ta cikin gida, kuma an yi nasiha. Shugaba ya ɗan janye jiki, sannan aka je aka roƙe shi ya dawo, tunda babu wanda ya iya haɗa majigi kamarsa, babu kuma wanda ya iya jawabi kamarsa. Ya aiko min da sabon yadi a yi wani labulen. Na mayar masa. Wani tela ya ɗinka, kuma ya yi kyau.

Takwara ta zo shagona sau ɗaya da uwarta, da sassafe kafin rana ta yi ƙarfi, ƙarƙashin lema. Kumburin ya sauka. Baƙinta yana dawowa, amma a rarrabe, kamar bangon da ruwa ya ci. Na ciro kwalin ƙyallayenta na ba ta, ta rungume. Ta daɗe tana kallon yadin da ke rataye, sannan ta ce, "Baba Tela, ka ɗinka min mai gajeren hannu."

Uwarta ta ce, "Likita ya hana ki shiga rana."

"A ɗaki zan riƙa sawa."

Na ɗinka mata. Na ma karkata aljihun da gangan, ko za ta yi min tsiya. Ta sa ta duba, ta ce na gode, ba ta ƙara komai ba.

Asabar ɗin da ta wuce ina zaune, daga nesa ina jin tafi daga ɗakin taro, sai ga Hajiya ta shigo da ƙamshinta. Ta zauna ba tare da na ba ta kujera ba.

"An ɓata min aiki, Tela," in ji ta. "Saura kaɗan yarinyar nan ta yi kyau aka yi min gaggawa."

Ta buɗe jaka ta ciro ɗan yadi mai furanni, wanda bai fi na matashin kai ba, ta shimfiɗa a tebur. Ƙanwar Shugaba ce ta haihu, mace, an kawo mata mai jego da jaririyar gida tana kula da su.

"Na duba kunnuwanta, sun yi duhu," ta ce. "Za ta rine. Wannan karon ba zan jira ta girma ba. Ka yi mata dogon hannu, ka rufe wuyan."

Jakar tana buɗe a kan cinyarta, warin nan yana fitowa daga ciki.

Na tura yadin gabanta. Ta dube ni, ta ninke shi tsaf, ta mayar cikin jaka ta ja zif.

"Teloli ai sun yi yawa a gari," in ji ta, ta miƙe ta fita.